Taubashina Mai Kafa wa Rubutu Turke

Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: a labarin nan ni ne wawan. Marigayin da nake so a tuna ba shi da hannu a wautata. Haƙuri kawai ya yi ta yi da ita, irin haƙurin da ake yi da ɗakin da ke yoyo da damina, a kawar da tabarma, a tara kwano, a ci gaba da hira.

Ranar da muka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidansa a Rano, na zaci tsofaffi irina ne za su cika tabarmi. Sai ga samari da ƙananan magidanta ayari-ayari, wasu daga Zinyau, wasu daga can wajenmu Kahu. Kowa ya durƙusa ya yi addu'a, sai ya matsa gefe ya ce wa na kusa da shi, "Shi ya buga mini tawa." Shi kuma ya ce, "Ni ma." Babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa ko ta yi amfani. Ba a bukatar tambaya. Da hantsin Talata suka zo, lokacin da duk mai aiki yana wurin aikinsa, kuma ba wanda ya yi gaggawar tashi.

Wani dattijon Bafulatani ya taso tun daga rugarsu ta wajen Rurum. 'Yarsa ce ta sami aiki a wani ƙaramin asibiti da takardar da marigayin ya tsara mata. Ya ce shi bai iya karatun boko ba, amma da ya riƙe takardar ya san mutumin kirki ne ya yi ta. "Takarda ce mai kunya," in ji shi. "Ba ta ɗaga murya." Wani tsohon abokin aikinsa kuma ya ce a zamanin tafireta, in ya kuskure harafi ɗaya, zare takardar yake yi ya sake daga farko, ko da shugaban ofis na tsaye a kansa yana kaɗa mukulli. Daga cikin gida matarsa ta aiko a tambaya ko na ci abinci, wai maigidan ya sha faɗa mata cewa bawansa ba ya iya kuka da yunwa.

Jama'a suka yi ɗan murmushi, suka juyo suna dubana. Jira suke in rama. Ɗan gwaggona ne, taubashina, kuma kowa ya san tsakanin taubasai ko mutuwa ba ta hana tsokana. Shi yana ce mini bawa, ni ina ce masa bawa, tun muna yara har ya koma ga Ubangijinsa ba mu raba gardamar wane ne bawan wani ba. Ni dai na ci gaba da amsa gaisuwa. Can ƙarshen tabarma ɗana yana zaune da farar rigarsa mai guga, kansa a ƙasa.

Ya girme ni, kuma ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ni a aji huɗu na firamare mahaifina ya zo ya ɗauke ni, ya ce gero ba ya jiran a tashi daga makaranta. Har yau in na kama karanta Turanci, tafiya nake kamar marar takalmi a cikin ƙaya. Shi kuwa ya zarce, ya zama mai buga tafireta a ofishin gwamnati, ya tsufa a kai. Da ya yi ritaya, wajajen lokacin da sojoji suka koma bariki, sai ya kama ɗan shago kusa da tashar mota a Rano, yana buga wa mutane takardu. Ba a jima ba kwamfuta ta shigo gari, masu kawo aiki suka fara yi wa tafireta kallon tsohuwar jaka.

Ya sayi kwamfuta, ya zauna a gabanta kamar yadda ya saba zama a gaban tafireta. In yana so shekarar da ya rubuta ta koma can gefen dama na takarda, sai ya danna dogon maɓallin nan na ƙasa, mai ba da tazara, ya yi ta dannawa yana ƙirgawa da leɓe. A gilashin kwamfutar komai ya miƙe. Da takarda ta fito daga firinta, sai ka ga shekarun sun yi tafiyar maciji, wannan ta leƙo, waccan ta noƙe. Na same shi wata rana riƙe da irin wannan takarda, fuskarsa kamar wanda aka ce masa ɗansa ya yi sata.

Na ce, "Bawa, ai ana karantawa."

Ya ce, "Kunyar gonarka ma ana shuka a kanta. Amma duk wanda ya wuce ya san rago ne ya yi huɗar."

Bai yarda ya sayar wa kowa karkatacciyar takarda ba. Ya rufe shago, ya tafi Kano ya zauna cikin yaran da ya yi jika da su, da farin gemunsa, ya koyi abin. Ya dawo yana ta ɗoki kamar wanda ya gano rijiya. Ya zaunar da ni dole sai na gani. Ashe akwai wata rula a saman gilashin. Sai ka sa mata alama a inda kake so, ka danna maɓallin da ake ce wa tab sau ɗaya, rubutu ya yi tsalle ya je ya tsaya daidai wurin. Layi na gaba ma haka, na gabansa ma haka.

Ya ce, "Turke ke nan. Ka kafa shi sau ɗaya, kowace akuya ta san wurinta. Da can da baki nake korarsu."

Daga nan ya zama abin da ya zama. Duk yaron da ya gama makaranta a ƙasar Rano da Kibiya, wurinsa yake kawo takardar nan da ake jera karatun mutum da ayyukan da ya taɓa yi, wadda suke ce wa sibi. Suna a sama. Makarantu a hagu, shekarunsu a dama, a tsaye cak kamar sahun sallah. In takarda ta fito, sai ya je bakin ƙofa inda haske yake, ya ɗora gefen wata takardar a kan shekarun, ya kanne ido ɗaya. Ba ya taɓa farar takarda sai ya goge hannu. Kwamfutar kuma da tsohon zanen matarsa yake lulluɓe ta. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne ya gama wannan wahala, yaro ya karɓa ya ninke gida huɗu ya cusa a aljihu. Na ga ya bi wani har cikin mota ya karɓe.

Bai taɓa ce wa yaro takardar nan za ta samo maka aiki ba. Bai kuma taɓa cewa ba za ta samo ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne, "Ni nawa in miƙe layi. Buɗe ƙofa ba a hannuna yake ba." In wuta ta ɗauke, wanda kusan kullum ne, ba ya korar kowa. Benci biyu ne a shagon, nan yaran ke wuni, suna jiran wuta, suna jiran kira, suna gardamar siyasa da ta shari'ar da aka ƙaddamar, wadda kowa ya sa rai za ta kawo rabon adalci har a wurin ɗaukar aiki. Shi yana jinsu yana gyangyaɗi. Ya ce gara su gaji da bencinsa da su gaji da idon iyayensu.

To, ga inda na shigo.

Ɗana na fari shi ne mutum na farko a gidanmu da ya gama kwalejin horon malamai. Ranar da ya kawo takardar shaida, na rantse a gaban uwarsa cewa hannun nan ya gama da fartanya. Ni aka cire daga aji aka kai gona, shi ba za a mayar da shi ba ina raye. Na hana shi noma. Na hana shi kasuwa. Na ce ya riƙa zama a zaure da wankakkun kaya, domin in kira ya zo, kada ɗan aike ya same shi da laka a ƙafa. Na yi masa aure daga rumbuna, ina ciyar da shi da matarsa. Ni da ƙannensa mu tafi gona, shi ya yi mana a dawo lafiya. Ya yi mini biyayya, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba.

Kira bai zo ba. Ya kai takarda nan, ya kai can. Wani wurin a ce sai da sa hannun wani babba, wani wurin a ce an rufe tun kafin a buɗe. Ni kuwa da ilimina na aji huɗu na zauna na yi nazari, na gano inda matsalar take: takardar ce. Duk lokacin da sunaye suka fito babu nasa, sai in hau keke daga Kahu in nufi Rano.

Yana hango ni zai ce, "Bawa, yau kuma me ta yi maka?"

"Sunan ya yi ƙanƙanta. Babban mutum ba zai sa tabarau saboda ɗan talaka ba."

Sai ya ƙara wa sunan kauri.

Bayan wata da watanni in dawo. "Ka sa sunan a tsakiya, shi ya sa. Abin da ke tsakiya ba na kowa ba ne. Mayar da shi dama, hannun albarka."

"Bature daga hagu yake farawa."

"Baturen ne zai ɗauke shi aiki?"

Sai ya danna wani ɗan hoto a sama, sunan ya yi tsalle ya koma dama, ya bar ni in kalla in ga munin abin da idona, sannan ya mayar da shi inda yake. Ya buga sabuwa, ya sa a ambulan, ya ce in gaida mutanen gida. Ina fita ina jin na yi wani abu. Wannan jin shi ne yake kai ni har zuwa fitowar sunaye na gaba.

Rigimarmu ta gaske a kan filin ƙasa ta tashi. A ƙarƙashin makarantu akwai wurin da ake rubuta ayyukan da mutum ya yi. Na ɗana fari fat, kusan rabin takarda. Ni manomi ne, ba na iya ganin fili a zaune. Na ce a cika shi. A ƙara girman haruffa, a buɗa tsakanin layuka, a sa sunan kakansa da na kakan kakansa, a faɗi cewa gidanmu ba a taɓa kai kowa gaban alƙali ba.

Ya ce, "Wannan kirari ne. A nemo maroƙi."

Ana nan sai wata shekara ciwon ƙafa ya kwantar da ni tsawon rani. Kawun yaron, wan uwarsa, yana da gonar rani a wajen Rurum, albasa da tumatir. Ya rasa mai tsaya masa, ya zo ya roƙe ni ina kwance, na ce a je amma na ɗan lokaci ne. Yaron ya je. Shi ke kula da injin ban-ruwa, shi ke raba wa 'yan ƙwadago aiki, shi ya kai kaya kasuwa. Ya dawo ya yi baƙi, ya rame, yana cin tuwo kamar mai jin haushinsa, yana dariya da ƙarfi har maƙwabta na ji. Da na miƙe, na mayar da shi zaure.

Da aka sake buɗe neman malamai, muka tafi Rano tare. Taubashina ya tambaye shi labarin ranin, ya saurara, ya juya ya yi ta bugawa. Takarda ta fito. Na kai ta bakin ƙofa ina bi da yatsa. A filin nan da ya daɗe fari, sai ga layi: kula da gonar rani da ma'aikatanta. Ga shekarar can a dama, ta tsaya daidai ƙarƙashin shekarar kwaleji, kafaɗa da kafaɗa, kamar tare aka haife su.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Aikin da ya yi."

"Albasa? A turke ɗaya da kwaleji?"

"Turken bai san bambanci ba. Kai ma da ka yi shiru, ba wanda zai sani."

"Goge."

Ya cire tabarau. Ya ce, "Shekara nawa kana cewa in cika fili? Ga abin gaskiya ya samu. Yaron nan ya tashi da asuba, ya riƙe mutane, ya kai amana ya dawo da ita. A shagona ba a goge gumi."

Na ce masa abin da ba na wasa ba. Na ce ya tsufa yana buga sunayen waɗansu, nasa bai taɓa hawa saman takarda ba, shi ya sa yake so ɗana ma ya ƙare a ƙasa. Yaran da ke kan benci suka sunkuyar da kai. Bai ce mini bawa ba. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da rabona da ji daga bakinsa tun muna kiwon awaki, ya ce in sauka lafiya.

Na ɗauki takardun na kai wani sabon shago. Can aka yi mini yadda nake so: furanni a kusurwa huɗu, suna kamar allon kanti, fili ya cika taf. Shekarun kuwa kowace ta kama gabanta. Na ce ba komai, ado ya rufe. Ita ma aka kai ta, ita ma shiru.

Damina guda ba mu yi magana ba. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, sai mu gaisa da ladabi, ina wuni, ina gajiya, kamar surukai. Duk wanda ya san taubasai ya san babu zagin da ya kai wannan. Sai ranar sunan jikana, ɗan wannan ɗan nawa, ina tsaye ina rabon goro, na ji murya a bayana: "Bawa, baƙo na tsaye ba ruwa?" Na kawo masa ruwan da hannuna. Na ce Allah Ya sa ya ƙware. Ya ce amin, in gaji shagon.

Muka koma. Amma ban janye ba, na ce layin albasa dai sai ya fita. Ya dubi yaron. Yaron ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baffa, goge kawai. A zauna lafiya."

Na san yana iya share layin gaba ɗaya da dannawa ɗaya, na sha ganin ya yi. Ran nan bai yi haka ba. Ya sa yatsa a maɓallin gogewa, yana cire harafi ɗaya, ya dakata, ya cire na gaba, daga ƙarshen layi har farkonsa. Shekarar ce ta fara tafiya, sannan ma'aikatan, sannan gonar. Ni ina tsaye ina jin na yi nasara. Filin ya koma fari. Ya buga, ya kai bakin ƙofa ya duba kamar kullum, ya miƙa wa yaron da hannu biyu.

Shekarun ƙarshe idonsa ya yi rauni. Sai ya kusa manna hanci a gilashi kafin ya ga alamar rular. Duk da haka takardarsa ba ta karkace ba. Zuwana na ƙarshe shagon, na je ne da wata sanarwa da aka liƙa, a karanta mini. Ya kai ta kusa da ido ya daɗe. Ya ce akwai iyakar shekaru, kuma ɗana yana bakin iyakar.

Na ce, "To ka ƙanƙanta shekarar haihuwar, yadda sai mai tabarau zai gani."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Bawa, babu abin da ya rage a takardar nan da ban gyara ba. Na kai ta hagu, na kai ta dama. Sake shi ya tafi."

Na ce, "Ka dai gaji da aiki, tsufa ya zo. Faɗi gaskiya in nemo maka sanda."

Ya dube ni, ya juya ya lulluɓe kwamfutar da zanen, ko da yake rana ba ta yi ba. Ban sake ganinsa a zaune ba.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa hannun da ya ƙi sayar wa 'ya'yan mutane karkataccen aiki ya karɓi sakamakonsa ta dama. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri. Yaran da ke wuni a bencinsa kuma, Allah Ya dube su, don ban san inda za su zauna yanzu ba.

Bayan an share makoki muka koma Kahu. Da hantsi ina tsakar gida ina gyaran igiyar guga, uwar yaron tana tankaɗe, sai ga shi ya shigo ya durƙusa nesa kaɗan. Ya ce kawunsa ya sake aikowa. An fara dashen albasa, injin ba mai kula, yana neman izini ya je Rurum.

Na ce, "Sanarwar nan fa? Ita ce ta ƙarshe da shekarunka za su shiga."

Ya ce, "Baba, na kai irinta da yawa."

Na ce, "Ba a kai ta da sabon hannu ba. Wataƙila hannun marigayin ne ba shi da sa'a, Allah Ya jiƙansa. An ce akwai wani yaro a Kibiya da ya iya sosai. Ka ƙara haƙuri wannan karon kawai. Je ka zaure, kada a zo ba ka nan."

Ya miƙe ba musu, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya nufi zaure. Na juya wajen uwarsa ina neman ta taya ni, na ce ai gaskiya na faɗa, ko ba haka ba?

Ba ta daina tankaɗen ba. Ta ce, "Malam, ɗan'uwanka da ya mutu ma ba a bari ya wuni a ɗaki ba, aka fitar da shi. Kai kuwa ɗanka mai rai ka shimfiɗe a zaure, sai yaushe za ka bari a ɗauka?"